Babi na Bakwai: A Riƙe Yaron Ko A Sake Shi

A Madakiya, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa, ƙwallon ƙafa ce ke cika gidan kallo. Ƙwallon kwando sai mai naci, domin wasannin NBA ta Amurka sukan fara ne wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare agogonmu, shi ya sa yawancin masu bin ta da safe suke kallon guntayen wasan a waya. Amma in suka zauna gardama, irin ta 'yan ƙwallon ƙafa suke yi. Ga yaro Allah ya ba shi baiwa, ga kuma wani lahani a tare da shi wanda ko makaho zai shafa ya ji, kwantiraginsa kuma ya zo ƙarshe. A ƙara masa, ko a rabu da shi? Wannan tambaya ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato, saboda ɗan Afirkan da ya fi kowa yanke irin wannan hukunci a NBA a jiharmu ta Kaduna ya tashi.

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma, inda mahaifiyarsa ke aikin likita. Da ƙwallon ƙafa ya fara kamar kowane yaro, sai yana ɗan shekara 13 ya koma kwando, ya faɗa hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya zauna a Zariya shekara da shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda kowa ke kira OBJ. Masai bai zama fitaccen ɗan wasa ba. Ya buga a wata ƙaramar kwaleji a garin Bismarck na Amurka, ya yi 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sannan a 2002 ya fara yi wa Orlando Magic farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba, da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiye. A 2010 Denver Nuggets ta damƙa masa ragamar saye da sakin 'yan wasanta. Mutum ne da ya san ɗacin a dube ka a ce ba ka kai ba, ya kuma koyi duban wasu da idon ɗan kasuwa.

Kafin a gane hukuncinsa sai an san dokar kasuwar. Yaron da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda ake yi a watan Yuni, yana shiga da kwantiragin da bai wuce shekara huɗu ba, albashinsa kuma a ƙayyade yake. Bayan shekara ta uku ƙungiya na iya tsawaita masa. In ba ta yi ba, bayan ta huɗu yana iya sauraron tayin wasu, amma ƙungiyarsa na da ikon biyan daidai abin da aka taya ta riƙe abinta. Akwai kuma iyakar da aka yanka wa kowace ƙungiya a kan jimillar albashi, don haka duk dalar da ka ba wannan, ka hana wancan. Ba a sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Musaya ake yi: a miƙa kwantiraginsa ga wata ƙungiya, a karɓi wasu 'yan wasa ko gurbin zaɓe, kuma galibi ba a neman yardarsa. Hukuncin yakan faɗo ne yaro na tsakanin shekara 22 da 24, wato bai gama nuna ko shi wane ne ba, amma lokacin jira ya ƙare.

A watan Maris na 2012 Masai ya miƙa Nene, ɗan Birazil mai shekara 29 wanda bai fi wata uku da sa hannu a kwantiragin dala miliyan 67 ba, ya karɓo JaVale McGee daga Washington. McGee na da shekara 24, tsayinsa ƙafa bakwai, ga dogayen hannuwa, ga tsalle. A wani wasa da Chicago a 2011 ya tare jifa 12 shi kaɗai. Mahaifiyarsa, Pamela McGee, ta ci zinare da Amurka a gasar Olamfik ta 1984, wato wasan a nono ya sha shi. Lahaninsa kuwa a kai yake. An gan shi ya juya da gudu zuwa tsaron gida alhali ƙwallon na hannun ƙungiyarsa. An gan shi, ana cin su, ya maka ƙwallo a allo don ya cafe ya danna a zobe, burga kawai. Shaquille O'Neal ya mai da shi abin dariya a wani shirin talabijin na kura-kuran 'yan wasa, mako bayan mako, har sunan ya bi shi.

Sai ga wasannin fitar da gwani na wannan shekarar, Denver ta haɗu da Los Angeles Lakers. A wasa na biyar McGee ya ci maki 21, ya kwaso ƙwallo 14 daga allo, a gaban Andrew Bynum da Pau Gasol. An fitar da Denver a wasa na bakwai, amma daren nan ya tsaya wa kowa a rai. A watan Yuli Masai ya ba shi shekara huɗu a kan dala miliyan 44. A lokacin iyakar albashin ƙungiya dala miliyan 58 ce a shekara, ke nan kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ga yaro guda. A wannan bazarar McGee ya je Houston ya yi horo a wajen Hakeem Olajuwon don ya koyi aikin ƙafa a ƙarƙashin zobe.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Kocin Denver, George Karl, bai yarda da shi ba. Kosta Koufos yake farawa da shi, McGee yana fitowa daga benci, minti 18 a wasa, maki tara. Ƙungiyar ta ci wasa 57 a kakar, Masai ya karɓi kambun gwarzon jami'in gudanarwa na 2013 ya koma Toronto, aka sallami Karl. A watan Nuwamba ƙashin ƙaurin McGee ya tsage, wasa biyar kacal ya buga a kakar. A Fabrairun 2015 sai da Denver ta haɗa da gurbin zaɓe na zagayen farko kafin Philadelphia ta yarda ta karɓi kwantiragin, ita ma ba ta yi wata guda ba ta sallame shi.

Wanda ya tsaya a nan zai ce yaron ne ba shi da amfani. To amma a 2016 Golden State ta gayyace shi gwaji, ta ɗauke shi a kan mafi ƙarancin albashi, kocinta Steve Kerr ya ba shi aiki ƙarami mai iyaka: ka shigo minti goma, ka yi gudu, ka cafe abin da aka ɗaga maka, ka tare jifa, ka fita. Ya ci kofi da su a 2017 da 2018, ya ƙara da Lakers a 2020, ya kuma ci zinaren Olamfik a Tokiyo kamar mahaifiyarsa. McGee ɗin nan dai shi ne, bai zama Olajuwon ba. Farashinsa da aikin da aka ɗora masa su ne suka canja. A ganina kuskuren Denver ba riƙe shi ba ne. Kuskuren shi ne an biya shi kuɗin abin da ake fatan ya zama, cinikin biri a sama, sannan ofis da koci ba su yi baki ɗaya a kan abin da za a yi da shi ba. Ofis ya sayi tauraro, koci kuma yana ganin ɗan benci.

A Toronto salon ya fito daban. Jonas Valanciunas, ɗan ƙasar Lituweniya, yana da hannu mai laushi a kusa da zobe amma ƙafarsa na da nauyi, in aka jawo shi waje sai a wuce shi. A Agustan 2015 aka tsawaita masa shekara huɗu a kan dala miliyan 64. Terrence Ross ya taɓa cin maki 51 a wasa guda a Janairun 2014, amma yau ga shi gobe babu shi. Shi ma a ƙarshen 2015 aka ba shi shekara uku a kan kuɗin da ya ɗan haura miliyan 30. Mutane sun yi ta surutu. Sai dai kowa a ofisoshin NBA ya san sabon kuɗin talabijin na tafe, kuma a 2016 iyakar albashi ta yi tsalle daga dala miliyan 70 zuwa 94. Kwantiragin da ya yi tsada jiya ya zama mai sauƙi yau, kuma mai sauƙi kowa na so. A Fabrairun 2017 aka kai Ross Orlando aka karɓo Serge Ibaka. A Fabrairun 2019 aka kai Valanciunas Memphis aka karɓo Marc Gasol. Da Ibaka da Gasol Toronto ta doke Golden State a watan Yunin 2019 ta ɗaga kofinta na farko. Ashe ƙarin kwantiragi da musaya ba kishiyoyi ba ne: in an sa hannu a farashin da ya dace, ƙofa biyun duka a buɗe suke.

Ba na so a ɗauki wannan a matsayin dabara mai tsabta. Mutane ne ake motsawa, masu iyali da gida. DeMar DeRozan ya ƙi sauraron kowa a 2016 ya sake sa hannu da Toronto saboda yana son garin, shekara biyu bayan haka aka miƙa shi San Antonio don a karɓo Kawhi Leonard. Ya ji an ci amanarsa, ya faɗa, Masai kuma ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Kofin ya zo, ciwon ma gaskiya ne.

Inda na fi so mai karatu ya dakata shi ne labarin yara biyu. A 2014 Masai ya ɗauki Bruno Caboclo, ɗan Birazil mai shekara 18 da kusan babu wanda ya san shi, a gurbi na 20. Wani mai sharhi a talabijin, Fran Fraschilla, ya ce a daren saura masa shekara biyu kafin ya kai inda zai rage masa shekara biyu. Jiki akwai, hannu akwai, sanin wasa ne babu, kuma sanin wasa ba ya samuwa sai a cikin wasa. Toronto kuwa a shekarar ba ta da ƙaramar ƙungiya tata inda za ta tura shi, sai ya kwashe shekararsa ta farko yawanci a zaune. A 2015 aka kafa Raptors 905 a Mississauga, kusa da Toronto, don a toshe wannan giɓi. Ga Caboclo an riga an yi asarar lokaci mai tsada. Wasa 25 ya buga wa babbar ƙungiyar a shekara uku da rabi, aka kai shi Sacramento a Fabrairun 2018.

Pascal Siakam, ɗan Kamaru, ya zo a 2016 a gurbi na 27. Makarantar horar da limaman Katolika ya yi a garin Bafia, bai kama kwando da gaske ba sai yana kusan shekara 17. Gudu da ƙwazo kawai ya iya, jifarsa daga nesa ba ta shiga. Da aka ga ya rikice a shekararsa ta farko, aka sauke shi zuwa 905 a hannun koci Jerry Stackhouse, ya buga wasanni cikakku, suka ci kofin ƙaramar gasar a 2017, shi ne gwarzon wasan ƙarshe. A shekara ta biyu jifarsa mai maki uku kashi 22 cikin ɗari take shiga. Da wannan adadi kaɗai za a yi hukunci, da an sake shi. A shekara ta uku ta kai kusan kashi 37, ya ci maki 32 a wasan farko na ƙarshen gasa, aka ba shi kambun wanda ya fi kowa ci gaba, sannan a Oktoban 2019 aka tsawaita masa a kan kusan dala miliyan 130. Ko shakka babu halin yaran biyu ya bambanta, amma ɗaya ya tarar da makaranta a gine, ɗayan kuwa sai da ya zauna aka fara haƙa harsashi.

Ko ɗan gida bai tsira daga wannan ma'auni ba. Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, shi ne ya tare Kevin Durant a sama a Las Vegas a Yulin 2021, ranar da 'yan wasan Najeriya, D'Tigers, suka doke Amurka da maki 90 da 87. Wata guda bayan haka ya iso Toronto daga Miami. Yana iya tsare dogo da gajere, amma in ƙwallo ta shiga hannunsa sai ya kutsa cikin taro ba shawara. Jifarsa ta nesa ta hau a shekarar farko ta faɗo a ta biyu. Aka ba shi koci, aka ba shi minti, lahanin bai gusa ba. Ba a tsawaita masa ba, a ranar 30 ga Disamban 2023 aka haɗa shi da OG Anunoby zuwa New York. Wannan sakin na yarda da shi, saboda an yi bayan koyarwa.

Mu dawo gida. A nan ba mu da musaya, ba mu da iyakar albashi, sau da yawa ma ba mu da takarda. Ƙungiyoyinmu na Arewa irin su Kano Pillars da Gombe Bulls da Plateau Peaks ta Jos da Kada Stars ta Kaduna sun tashi ne a ɓangaren Savannah na babbar gasar ƙasa, kuma galibinsu da aljihun gwamnati suke numfashi. A watan Yunin 2017 aka yi zaɓen hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa gida biyu, ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Rikicin ya ja shekaru, gasar cikin gida ta koma tafiya da ɗingishi. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa, kafin ta janye matakin a watan Yuni an riga an ba Mali gurbin D'Tigress a gasar cin kofin duniya ta mata. Kocin da bai san ko za a yi gasa baɗi ba, kuma in za a yi ta 'yan makonni ce, ba zai ɗauki yaro ɗanye ya ce zai gyara shi a shekara uku ba. Wanda ya riga ya nuna zai nema. Haka yaran da suka haska a gasar Milo ta makarantun sakandare suke ɓacewa da zarar sun gama aji shida.

Wata yamma na tsaya a bakin filin wata sakandare a yankinmu. Siminti ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar, zoben ba raga, ƙwallo biyu ga yara sun fi ashirin. Akwai wani dogon yaro da ya ɗara kowa da kai guda. Duk sanda aka ɗaga masa ƙwallo zai cafe ta a sama inda babu mai kaiwa, sai ya sauko da ita wajen ƙugu don ya tattara ƙarfi, nan take wani ɗan gajere ya fizge. Malamin motsa jiki yana ta kira: "Yarona, bar ta a sama! Kada ka sauke!" Yaron ya ce, "To, Malam," aka sake ɗaga masa, ya sake saukewa. 'Yan kallo suka fara cewa tsayi ne kawai, babu kai.

Ba su yi masa adalci ba. Wannan lahani a hannu yake, kuma maganinsa sananne ne tun shekarun 1940, lokacin da Ray Meyer na jami'ar DePaul ya ɗauki George Mikan, dogo mai tabarau da ake yi wa kallon sakarai, ya tsayar da shi a ƙarƙashin zobe yana jefawa da dama, ya cafe, ya jefa da hagu, ƙwallon ba ta sauka ƙasa da haɓa, sau ɗaruruwa kullum. Har yau da sunan Mikan ake kiran wannan horo. Ba ya buƙatar komai sai zobe ɗaya, ƙwallo ɗaya da babba ɗaya mai tsayawa ya ƙirga. Malamin nan ya san haka. Abin da ba shi da shi shi ne rabin awa da yaro ɗaya, domin yana da wasu ashirin da ƙwallo biyu.

Manomin citta a ƙasarmu ya san wannan hukunci sarai. In ya haƙe, dole ya raba ta kasuwa da ta iri, kuma tun annobar ruɓewa ta 2023 babu mai yarda da kyan bayanta, sai ya karya ya duba ciki. Amma ko lafiyayyar ce ba ya ajiye iri sai yana da gonar da zai shuka, da taki, da ciyawar rufi. In babu su, gara ya sayar wa mai su.

Saboda haka in wata ƙungiya a Kafanchan ko Kaduna ta tambaye ni a kan irin wannan yaro, ba da tsayinsa zan fara ba. Zan tambaya ko yana zuwa horo ranar da babu 'yan kallo, ko in an gyara masa abu yau ana ganin alamarsa bayan mako biyu, ko yana jin haushin kuskurensa ko kuwa ɗora wa abokan wasa yake yi. Hannun hagu da jifa da aikin ƙafa duk ana koyar da su, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuwa aka tsaya a kansa shekara biyu da gaske bai motsa ba, a sake shi da mutunci, a faɗa masa gaskiya ido da ido, a kuma taimaka masa ya sami wurin da aikin zai yi daidai da shi. Sakin da nake ƙi shi ne wanda muka saba, na yaron da ba a taɓa koya masa ba aka ce ya kasa.

In an yanke riƙe shi, a rubuta a takarda, iyayensa su gani su sa hannu. Shekara biyu ta isa, da alawus daidai da abin da yake iyawa yau, da sharaɗin ƙari in ya kai wani mataki da aka ambata. Kuɗin makarantarsa su shiga ciki, don in gwiwa ta ci amanarsa kada ya tashi a tutar babu. A sa sharaɗin cewa in wata ƙungiya ta Kano ko Legas ko waje ta zo ɗaukarsa, za ta biya wani abu ga waɗanda suka raine shi, saboda rashin wannan ne yake sa masu horarwa jin cewa wahalar banza suke yi. Sannan a ambaci lahanin da za a gyara da sunansa, a rubuta sunan wanda zai tsaya da shi a ƙarƙashin zobe, da ranakun da zai riƙa zuwa.